Itatuwan Gawo a Taswirar Najeeba

Ɗayyabu bai tsani Najeeba ba, wannan ko a gaban alƙali zai rantse. Abin da ke ci masa rai shi ne yadda shugabarsu, Hajiya Safiyyatu, ke kiran sunanta. Da can in Hajiya ta leƙo daga ofishinta, "Malam Ɗayyabu" take cewa tun ba ta gama buɗe ƙofa ba. Yanzu kuwa sai ta tsallake shi da ido kamar wata kujera, ta ce, "Ina Najeeba?"

Ƙungiyar tasu ƙarama ce, ɗaki biyu a saman wani shagon gyaran babura a unguwar Bolari ta Gombe. Aikinsu duba hotunan tauraron ɗan'adam, su ga inda itatuwa suka ƙaru da inda gatari ya yi ɓarna, su aika rahoto Abuja a haɗa da na sauran jihohi. Manhajar da suke aikin da ita ta kyauta ce. Kowa na iya sauke ta, ya gyara abin da ya ga ya karkace, ya mayar wa jama'a, kuma sunan mai gyara na nan manne da gyaransa. Ɗayyabu ne ya fara kawo ta ofishin. Shi ne kuma ya zaunar da Najeeba lokacin da ta zo hidimar ƙasa, ya nuna mata inda ake dannawa.

Kafin shekara ta zagayo yarinyar ta wuce shi fintinkau. Ta shiga dandalin masu amfani da manhajar, kullum tana hira da mutanen ƙasashen da shi sai a rediyo yake jin sunansu. Duk abin da ta gano sai ta baza kowa ya ɗauka. Shi kuwa ɗan abin da ya sani yana ƙunshe a cikinsa, don a ganinsa in kowa ya sani, to ina amfanin Ɗayyabu?

Da aka zo zaɓen wanda zai je Abuja ya gabatar da taswirar bana, Hajiya ko shawara ba ta yi ba, ta ce Najeeba. Ɗayyabu ya ce, "Allah ya sa alheri," da murmushin da bai wuce haƙora ba. Ƙyashi ne zalla ya kama shi, kuma shi ma ya san sunan ciwon nasa.

Ana saura 'yan kwanaki tafiyar, Najeeba ta juyo masa da kwamfutarta.

"Yaya Ɗayyabu, don Allah duba min. Wallahi abin ya ba ni tsoro. Gonakin nan na bayan Gabukka, kusan rabin itatuwansu babu."

Ya gyara tabarau. Taswirar ta yi ja jawur, kowane ɗigo itace guda da ya ɓace. Ya duba kwanan watan hotunan biyu da ta kwatanta. Na farko an ɗauke shi da rani, na biyu a tsakiyar damina. Nan take ya gane. Ba wanda ya sare komai, gawo ne. Shi gawo ba ya bin sauran itatuwa: da rani yake cika da ganye, in ruwa ya sauka sai ya zubar, ya tsaya tsirara a tsakiyar gero, daga sama ba ka ganinsa. Ɗayyabu da ya tashi yana kakkaɓo wa awakin Goggonsa 'ya'yan gawo ai ba ya bukatar tauraro ya gaya masa wannan.

Har ya buɗe baki. Sai ya hango zauren taron Abuja, wani dattijon masani ya ɗaga hannu yana tambaya, Najeeba na inda-inda, Hajiya ta dawo Gombe tana neman Malam Ɗayyabu da gaggawa.

"Ba komai," ya ce. "Aiki ya yi kyau."

"Ka tabbata?"

"Ni zan ce miki ya yi kyau bai yi ba?"

A cikin keke-napep ɗin da ya kai shi unguwarsu ta Hammadu Kafi har da 'yar waƙarsa. Manoman da rahoton zai kira masu ɓarnar daji sun faɗo masa a rai, ya ce ai za a gyara daga baya, shi ma zai gyara da kansa. Da ya isa gida dai tuwon bai yi masa daɗin da ya zata ba.

Abin da ya manta shi ne al'adar masu wannan manhaja: ba a kai aiki ko'ina sai an shanya shi a dandali kowa ya gani. Najeeba kuwa ta shanya nata tun kafin ta tashi daga ofis.

Washegari ya tarar da ita tana dariya ita kaɗai. Wata Zulfa daga Damagaram, wadda ba su taɓa haɗuwa ba, ta ga taswirar ta rubuto mata cewa ta sake dubawa, waɗannan gawo ne. Ba su tsaya nan ba. Su biyun sun ƙara wa manhajar wani ɗan gyara da zai riƙa gargaɗin duk wanda ya haɗa hoton rani da na damina. Kafin azahar godiya na ta shigowa daga Mali da Sudan, sunan Zulfa da na Najeeba a jere a jikin gyaran. Ɗayyabu ya ƙura wa sunayen ido. Da jiya ya furta kalma ɗaya, nasa ne zai zauna a wurin.

Hajiya Safiyyatu ta fito, ta shi wa Najeeba albarka har sai da yarinyar ta rufe fuska da mayafi. Sannan ta juyo, yau kam ta gan shi.

"Malam Ɗayyabu, ta ce kai ka fara dubawa. Ya aka yi abin ya wuce ka?"

Ƙarar guduma na tasowa daga shagon ƙasa. Amsa biyu ce kawai a gabansa: ko ya gani ya yi shiru, ko kuma bai san gawo ba. Najeeba na kallonsa, ba alamar zargi ko kaɗan a fuskarta.

"Ban lura ba, Hajiya," ya ce.

Hajiya ta daɗe tana kallonsa. "To, Allah ya kyauta," ta ce, ta koma ciki.

Najeeba ta jawo kujerarta kusa da tasa, cike da tausayi.

"Kada ka damu, Yaya, ni ma sai yau na sani. Matso in nuna maka. Wai shi gawo da damina yake zubar da ganyensa."

Ɗayyabu ya matso.

"Ikon Allah," ya ce.