Murfi na Ashirin da Bakwai

Shekara huɗu a jere ni nake liƙe murafun magudanan ruwa idan za a yi tseren motoci a Marrakish. Sunana Allal, walda ce sana'ata. Titin da motocin suke bi na kowa ne, shi tasi da keken doki suke bi sauran kwanakin shekara, kuma akwai murafu arba'in da ɗaya a kansa. Kowane ɗaya sai ƙarti biyu sun haɗu suke ɗaga shi. Amma idan motar tsere ta bi ta kansa a guje, iskar da ke ƙarƙashinta zuƙo shi sama take yi. Shi ya sa ake kirana tun saura sati guda, in ɗinke kowane murfi da bakin raminsa a wuri shida.

A waccan shekarar ranar Alhamis na gama. Baturen da ke duba hanya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da guduma, ya ɗaga mini babban yatsa, ya sa hannu a takarda.

Ranar Lahadi da safe, ranar tseren, ina tsoma burodi a man zaitun sai wayata ta yi ƙara. Si Bushayib ne, shugaban aikin hanya, wanda kamar kowa Mu'allim yake kirana, wato gwanin sana'a.

"Mu'allim, ajiye kofin shayin nan, na san yana hannunka. Masu gyaran magudana sun yanke ɗinkin na ashirin da bakwai, wai kwatar wani otal ta toshe. Saura awa ɗaya a rufe hanya."

Na ɗora janareta a bayan a-kori-kura na tafi. Na share bakin ramin, na zaunar da murfin, na fara. Ɗinki na farko ya kama, na biyu ya kama. Ina ƙarasa na uku janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami. Na cire fulogi na hura, na mayar, na sake ja. Ko motsi bai yi ba.

Si Bushayib yana cikin mota yana danna ham. Ya leƙo ta taga.

"Mu'allim, duniya gaba ɗaya kai take jira! An gama ko ba a gama ba?"

Na hau kan murfin da ƙafa biyu na yi tsalle. Bai motsa ba. Na ce a raina ɗinkina uku ya fi shida na wani. Sai na ɗauko gwangwanin baƙin fenti na fesa a kan wurare ukun da ban taɓa ba, yadda mai wucewa ba zai gane ba.

"An gama," na ce masa.

Da hantsi motocin suka yi gwaji, ba abin da ya faru. Hankalina ya ɗan kwanta. Da azahar muka zauna da sauran ma'aikata a inuwar wata tirela, aka buɗe tukunyar tanjiya, dahuwar naman garinmu, naman ya narke har yana rabuwa da ƙashi. Na kai loma ta biyu ke nan 'yata Zuhur ta kira ni.

Zuhur malamar lissafi ce a makarantar sakandare, shekararta ashirin da shida. Tun tana ƙarama take son motoci, kuma duk shekara tana cikin masu sa kai da ke tsayawa a gefen hanya da tutoci suna yi wa direbobi alama. A kwana ta biyu aka saba ajiye ta, can ɗaya ɓangaren.

"Baba, an canja mini wuri! Wata ba ta da lafiya, an mayar da ni kwana ta tara. Nan ne motoci ke wuce juna. Ka zo ka ga 'yarka."

Na ajiye burodin. Murfi na ashirin da bakwai yana daidai inda suke taka birki kafin kwana ta tara. Daga shi zuwa wurin tsayuwar masu tuta bai kai taku ashirin ba.

"Mu'allim, ƙashi ne ya maƙale maka?" wani ya tambaya. Na ce cikina ne, na tashi.

Katin wuyana ya ba ni damar shiga bayan shinge. Na tarar da ita cikin kayan aiki ruwan lemo, ta cusa ɗankwalinta a cikin hula, tana jera tutoci. Shugaban wurin, Si Mbarek, tsohon direban tasi ne mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa.

"Ga Mu'allim ya zo gadin 'yarsa! Kwantar da hankalinka, direbobin nan ba sa tsayawa zance."

Na yi yaƙe. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na kalli rumfunan 'yan kallo sun cika maƙil, jirgi mai saukar ungulu yana shawagi a sama, na tuna da fentin. Da a ce ɗinki uku kawai na bari, sai in ce janareta ne. Fentin kuwa hannuna ne ya fesa shi. Na rufe bakina.

Ƙarfe uku aka saki motocin. Tun daga nesa ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin takalmina. Suka ɓullo su ashirin a dunƙule, suka taka birki, ƙaurin roba ya bugi hancina, suka wuce. Murfin yana nan. Na saki numfashi. Zagaye ɗaya minti ɗaya da rabi ne, na san da haka, na fara ƙirgawa a raina ba tare da na yi niyya ba.

Zagaye na biyu, lafiya. Na uku, lafiya. A na huɗu motocin sun rarrabu, suna zuwa ɗai-ɗai, kowace tana ɗora cikinta daidai kan murfin. A cikin duk wannan rugugin kunnena ya tsinci wani ɗan sauti, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Shekara talatin ina aikin ƙarfe. Na san kukan ɗinki idan ya tsage.

Na manna fuskata a ragar shingen. Mota ta wuce, na ga ƙura ta yi tsalle daga gefen murfin. Wata ta wuce, ƙurar ta sake tsalle. Gumi ya bi bayana har cikin wando. Na waiwaya. Zuhur tana tsaye a bakin ɗan gibin da aka bari a shinge don miƙa tuta, rabin jikinta a waje, tana kallon inda motocin ke fitowa. Murmushi take yi.

Na kama hannun Si Mbarek na kai bakina kunnensa.

"A tsayar da su! Murfin can zai tashi!"

"Wane murfi? Ba kai ka liƙe su ba?"

"Ban gama shi ba!"

Dariyar da ke fuskarsa ta ɗauke. Ya danna oba-oba yana ihu da Faransanci. Ya saurara, ya sake ihu, ya saurara. Sai ya juyo.

"Masu kula da tseren sun ce sun duba a kyamara, ba su ga komai ba. Wai mu ci gaba da sa ido. Sun ce wa ya faɗa mini?"

Zuhur ta ga yadda muke. Ta ɗage abin toshe kunnenta ta matso.

"Me ya faru?"

Si Mbarek ya nuna mata murfin, ya nuna ni. Ta san aikina sarai, tun tana yarinya take riƙe mini ƙarfe a shago.

"Baba, guda nawa ka yi?"

"Uku."

"Ukun suna nan?"

"Ɗaya ya tafi."

Ta kalle ni. Ban taɓa ganin wannan kallon a idonta ba. Ta mayar da abin kunnen, ta zari tuta rawaya guda biyu, ta koma bakin gibin ta fara kaɗa su da dukkan ƙarfinta.

"Lalla Zuhur, ba a ba da umarni ba!" Si Mbarek ya ce. "Za su kore mu duka!" Amma bai hana ta ba. Ya koma kan oba-oba, yanzu da Larabci yake yi, yana haɗawa da ashar.

Direbobin suka ga tuta suka rage gudu, sai dai ba su san abin da ake guje musu ba. Hanya a share take a idonsu. Suka ci gaba da bi ta kan murfin. Jar motar da ke kan gaba ta wuce, na ji ƙas na biyu. Da ta bayanta ta wuce, murfin ya ɗago daga gefe guda, ya faɗa, ya sake ɗagowa, ya tsaya a karkace. Bakinsa ya kai tsawon tafin hannu sama da kwalta, yana fuskantar inda motoci ke zuwa.

Na yi ta kururuwa ban san me nake faɗa ba. Zuhur ta ƙara fita ta gibin har ƙugu, tutocin biyu a hannu ɗaya, da ɗaya hannun tana nuna musu hagu, hagu. Wata farar mota ta gane ta kauce. Wata ma ta kauce. Na kama wuyan rigarta ina ja.

"Shigo! Don Allah ki shigo!"

Ta make ni da gwiwar hannu a ƙirji ba ta ko waiwayo ba.

Sai ga wasu biyu a manne da juna. Ta gaba ta kauce a ƙurarren lokaci. Ta bayan, shuɗiya mai lamba goma sha huɗu, ba ta ga murfin ba, 'yar'uwarta ta kare mata shi. Na rungumo Zuhur ta ƙugu na yi baya da dukkan nauyina, muka zube tare.

Ƙarar ta fi ta tsawa. Na ga murfin a sama yana juyawa, baƙi, yana tahowa. Ya daki ragar shingen dab da gibin, ragar ta lotso ciki har ta kusa taɓa fuskokinmu, sandar ƙarfen da ke riƙe da ita ta lanƙwashe, sannan ya faɗa can waje. Tarkace suka zubo mana kamar ƙanƙara. Shuɗiyar motar ta yi ta juyi, ta bugi bangon kankare da gefenta, ta ja jiki ta tsaya, tayarta ɗaya tana reto.

Aka ɗaga jajayen tutoci ko'ina. Rugugin ya yi ta raguwa har ya mutu. Dubban mutane a rumfuna, amma ina jin ɗigar ruwa daga cikin motar.

Direban bai motsa ba. Hular kwanonsa ta karkata gefe guda.

Zuhur ta ture ni, ta suri tukunyar kashe gobara ta fita ta gibin, jini yana bin kumatunta. Si Mbarek ya bi ta da tumbinsa. Ni ban bi su ba. A durƙushe na tsaya ina riƙe da raga, ina kallon hular nan, ina cewa ya Rabbi, ya Rabbi, ban iya ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Motar likitoci ta iso. Suka kewaye shi suka kare mini gani. Ban san tsawon lokacin ba. Can wani ya matsa, na ga hannu cikin safar hannu ya ɗago daga cikin motar, yatsun suna motsi. Rumfunan suka ɓarke da tafi. Ni kuwa na yi amai a kan takalmina.

Si Bushayib ya iso a guje, fuskarsa ta yi fari.

"Mu'allim, saurare ni. Masu magudana ne suka dawo suka sake buɗewa. Ka ji? Ni ban ga komai ba, kai ma ka yi aikinka."

Na nuna masa inda murfin yake kwance. Baturen duba hanya ya riga ya tsuguna a kansa, yana kankare baƙin fentin da makulli.

Na faɗi komai tun kafin a gama tambayata. Kwana biyu na yi a hannun 'yan sanda. Daga baya alƙali ya yi mini ɗaurin talala, aka soke sunana daga duk wani aikin birni. Si Bushayib ma ya rasa kujerarsa, domin bai kira mai dubawa ya sake ganin murfin ba. Direban, wani saurayi ɗan Fotugal mai suna Duwarte, ya karye a ƙafa wuri biyu. Zuhur an yi mata ɗinki biyar a kumatu, aka kuma aiko mata da takardar yabo. Ba ta kira ni ba, ni ma na kasa kiranta.

Ranar da 'yan sanda suka sake ni na sayi kwalin dabino mai kyau na nufi asibitin da aka kwantar da shi. Ba na jin Faransanci sosai, don haka matata ta roƙi Zuhur ta same ni a can. Ta zo, ta gaishe ni kamar yadda ake gaida maƙwabci. Ba a bar mu mun shiga ba. Muka zauna a benci kusan awa biyu, sannan wata 'yar tsamurmurar mata mai furfura ta fito. Uwarsa ce. Na miƙe na miƙa mata kwalin da hannu biyu. Ba ta karɓa ba. Ta yi magana mai tsawo, idonta a kan Zuhur, har ta shafa plastar da ke kumatunta. Sannan ta dube ni ta faɗi wani abu gajere, ta koma ciki.

"Me ta ce?"

"Ta ce ɗanta ya ga tutar, ya cire ƙafa daga totur tun daga nesa. Likitoci sun ce shi ya sa yake da rai."

"Ni kuma fa?"

"Ta ce kada ka sake zuwa."

Na gyaɗa kai. Na ba mai gadin ƙofa dabinon. A waje rana ta take, Zuhur ta tsaya tana neman tasi, duk wadda ta zo a cike. Na tayar da babur ɗina na tsaya a gefenta. Tasi ta huɗu ta wuce. Ta gyara jakarta ta hau bayana, ta riƙe ƙarfen kujera maimakon kafaɗata.

"Makaranta za ka kai ni," ta ce. "Ina da aji ƙarfe biyu."