Ƙwan Zabin Malam Ashafa

"Kada ku rufe ƙofar tukuna," in ji Malam Ashafa daga bayan motar, inda aka kwantar da shi bisa katifa. "Ku kira mini Rabo."

Rabo tela ya sunkuya ya leƙa. Shekara goma sha ɗaya suna maƙwabtaka a Dutsin-Ma, katanga ɗaya ce tsakaninsu, amma sai da ya yi da gaske ya iya kallon fuskar nan da ciwon hanta ya mayar ruwan ɗorawa. Asibiti sun sallamo shi, sun ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Shi ya sa wansa, Alhaji Ummaru, ya zo ɗaukarsa zuwa Birchi, tare da Bilkisu, matar Malam Ashafa, da 'ya'yansu mata biyu.

"Ungo makullin shago," in ji Malam Ashafa, muryar ƙasa-ƙasa. "Ƙwan nan yau kwanansu sha tara. Kullum ka duba kwanon ruwa na ƙasa, kada shi ƙafe. Ran da suka cika ashirin da biyar, ka danna jan maɓallin nan, shi daina juya su. In sun ƙyanƙyashe ka fiddo su ka ba su ruwa. Ka ji?"

"Na ji. Kai dai ka warke ka zo ka yi kwancinka da kanka."

"Rabo, wanga karon zai yi. Ka tsaya mini mutane su gani."

"Zan tsaya, Malam."

Malam Ashafa malamin firamare ne, amma kowa ya san hankalinsa yana shagon ƙofar gidansa, cikin wayoyi da warin dalma. Yana da wani ɗan allo bai kai tafin hannu ba, Arduino sunansa, wanda yake rubuta wa umarni daga tsohuwar kwamfutarsa. Da shi ya haɗa ƙararrawar da ke kuka in tankin ruwa ya cika, da fitilar zaure mai kunna kanta da magariba. Waɗannan an yaba. Abin da ya jawo masa dariya shi ne mataccen firijin da ya ce zai mayar uwar kwanci. Ya sa masa fitilu biyu don zafi, da 'yar fanka, da injin share gilashin mota mai karkata farantin ƙwai duk awa biyu, allon nan kuma yana auna zafin, yana nuna shi a ɗan gilashi. Sola da batir ke riƙe da shi.

Damina uku yana gwadawa, damina uku yana shan kunya. Karon farko ƙwan dahuwa suka yi, kuma Rabo ne da kansa ya aika masa da gishiri da yaji a leda. Shi ne kuma ya raɗa masa Kazar Unguwa, sunan ya bi shi har makaranta. Malam Ashafa dariya yake yi tare da su a majalisa, sai dai Rabo ya sha ganin yadda dariyar ke mutuwa da zarar ya juya baya. Bana ya sayo ƙwan zabi arba'in a kasuwar Kurfi, ya gyara umarnin tun daga farko. Kafin ciwo ya kayar da shi ya haska wa Rabo ƙwai ɗaya da tocila, Rabo ya ga jijiyoyi ja da wani abu yana motsi a ciki. Tun ranar bai sake tsokanarsa ba.

Kwana huɗu Rabo yana barin keken ɗinki ya tsallaka ya zuba ruwa. Da la'asar ya kira Bilkisu, ta kara wa mijinta wayar a kunne.

"Zafin talatin da bakwai da ɗigo shida, Malam."

"Madalla. Haka nike so."

A rana ta huɗu numfashi kawai ya ji.

Ranar Laraba da hantsi Bilkisu ta kira tana kuka, ya rasu. Ƙwai na da kwana ashirin da huɗu. Rabo ya shiga shagon da hawaye ya cika kwanon ruwa, ya ɗora yatsa kan jan maɓallin, ya tsaya. Mai abin ya ce ashirin da biyar. Shi da bai san komai ba a harkar nan, wane shi ya sauya maganar mamaci? Ai yau zai dawo, gobe ya danna. Ya kulle ya hau babur zuwa Birchi.

An sallaci Malam Ashafa bayan azahar, aka kai shi makwanci ana yayyafi. Da aka dawo aka zauna a rumfar makoki, sai Alhaji Ummaru ya juyo a gaban jama'a.

"Malam Rabo, an ce makullin shagon marigayi na wurinka. Allah shi saka da alheri. Daga yau dukiyar marayu ce, babu mai shiga sai an zauna."

"Alhaji, akwai ƙwai ciki. Gobe ake..."

"Ƙwai?" Alhaji ya dube shi da jajayen idanu. "Ƙasa ba ta sha iska ba bisa ƙanena, kana yi mini maganar ƙwai?"

Wani dattijo ya girgiza kai. Kunya ta lulluɓe Rabo har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya laluba aljihu ya miƙa makullin da hannu biyu. Alhaji ba mugu ba ne, mutum ne mai tsoron haƙƙin maraya, kuma bai taɓa ɗaukar firijin nan komai ba sai wasan yara.

Ranar sadakar uku Rabo ya koma Birchi da niyyar ko durƙuso ne ya yi. Aka ce Alhaji ya wuce Katsina da makullin, sai bayan sadakar bakwai. Ya yi ta kiran wayarsa, ba a ɗauka. Bilkisu ta shiga takaba, ta aiko masa daga ciki cewa ita ba ta da ta cewa.

Da ya dawo ya tsaya jikin tagar shagon. Ta ramin ƙarfen yana hango lambobin suna haske. Injin ya yi ƙara, farantin ya karkata. Sai ya ji wani siririn kuka daga cikin firijin, tsiyau, tsiyau. Wani ya amsa. Sun fito! Ya ruga gida ya ɗauko guduma.

Matarsa Hawwa'u ta tare shi a zaure.

"Malam, ina za ka da wannan?"

"Sun ƙyanƙyashe, Hawwa'u. Suna ciki ba ruwa, abin nan na ta juya su."

"Ka fasa ƙofar marayu? Gobe in waya ɗaya ta ɓace, wa za a ce? Kai da jama'a suka ji kana maganar kayan shagon nan ran da aka rufe marigayi?"

Ya tafi wurin liman. Liman ya saurare shi da kyau, ya ce a yi haƙuri a jira mai makulli, fitina ba ta da daɗi. Ya kira mutanen majalisa su zo ko kunne su kasa. Biyu suka zo, ruwan sama na dukan kwano, suka ce su ba su ji komai ba. Ɗaya ya dafa kafaɗarsa ya ce rashin aboki ne ke damunsa.

Ya ajiye gudumar. Wannan shi ne abin da bai yafe wa kansa ba, domin babu wanda ya riƙe masa hannu. Tsoron bakin mutane ne kawai, bakin da shi ma ya daɗe yana cikinsa.

Kwana biyu kukan yana ƙaruwa, har keken ɗinkinsa ba ya danne shi. A na uku ya fara raguwa. A na huɗu murya ɗaya ta rage, tana yi tana hutawa. Daga nan sai ƙarar injin kawai, duk awa biyu.

Sai kwana tara da rasuwar Alhaji ya zo da mutum biyu don duba kaya. Da aka buɗe firijin wari ya buso, suka ja da baya suna toshe hanci. Rabo ya durƙusa. Wasu 'yan zabin sun mutu rabi cikin ɓawo, wasu farantin ya matse su a gefe. Amma da yawa suna kwance a ƙasa kusa da busasshen kwanon, gashinsu ya bushe ya tashi, alamar sun rayu har sun yi yawo. Ya ƙirga talatin da ɗaya.

"Alhaji, ya yi fa," ya ce. "Ku duba. Abin ya yi aiki."

"Allah shi jiƙan Ashafa," in ji Alhaji ta bayan haɓar rawaninsa. "Shi dai da wahalar da kanshi. Kwashe su don Allah, Malam Rabo."

Ɗaya daga mutanen ya zare wayar batir, fankar ta tsaya.

Rabo ya tattara su a gaban rigarsa, ba su da nauyin komai. Ya zagaya bayan katanga da fartanya, ya haƙa rami a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya shiga jera su ɗaya bayan ɗaya, kawunansu masu zane-zane suna kallon gefe guda. Iska ta taso tana kaɗa lallausan gashinsu. Ya daɗe a tsugune bai tura ƙasar ba.