Ruwan da Ke Cikin Leda

Dikko ya ɗaure leda a reshen itacen turare. Ya cusa ganyen ciki, ya matse bakin da zare, sannan ya taka zuwa gindin wata tsohuwar aduwa ya ɗaure ta biyu. Ya waiga. Ba wanda ya gan shi.

Itatuwan turaren arba'in ne, a jere a gefen tafkin fadamar Jabo. Shi ya dasa su shekara talatin da suka wuce, lokacin da mutanen gandun daji suka kawo dashe kowa ya ƙi karɓa. Rani uku yana yi musu ban ruwa da tulu. Yanzu daga kan hanyar Tambuwal ana hango su, har masu babur kan yi kwatance da su.

Tafkin ne ya canja. Da yakan kai bazara da ruwa. Bana sanyi bai gama fita ba ya koma laka, albasar mutum goma sha biyu ta fara kwanciya. Na'iya, maƙwabcinsa, ya ƙara wa rijiyarsa gaba biyu bai tarar da komai ba.

Ran Juma'ar da ta wuce aka taru a ƙofar hakimi. Hafiza, jikar Dikko, wadda ke aikin malamar gona a ƙaramar hukuma, ta tashi ta yi bayani. Ta ce ruwa ba ƙasa kaɗai yake bi ba, sama ma yana tafiya. Rana tana ɗauka daga tafki, itace yana zuƙa da saiwa ya fitar ta ganye. Zafi ya ƙaru, damina ta koma zuba ɗaya mai gudu zuwa gulbi, ga turare ba ya hutawa da sha, rani da damina. Hakimi ya ce a sare. Dikko ya ce zancen boko ne, itace ba ya gumi.

"To ɗaura mai leda ka gani, angona," in ji ta a gaban mutane. Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Yau bayan azahar ya koma duba ledojin da ya ɗaure. Ledar aduwa ta yi ɗan hazo kawai. Ta turare kuwa ta yi nauyi, ruwa ya taru a gindinta kamar rabin kofin shayi. Ya kwance, ya zuba a tafin hannu, ya ɗanɗana. Ruwa ne, da ƙamshin ganyen. Reshe ɗaya, rabin yini. Ya ɗaga kai ya bi itacen da kallo har ƙololuwa, ya dubi sauran talatin da tara, ya dubi lakar da ta tsattsage. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya je gida ya ɗauko gatari, ya zauna a inuwa yana wasa shi a kan dutse.

Nan suka same shi: Hafiza da Na'iya, da Yahya mai injin yankan itace. Hafiza ta ga ledar a ƙasa. Ta buɗe baki, ta fasa.

"Faɗi mana," in ji Dikko. "Ke da kin iya magana gaban hakimi."

"Kaka, ba don in kunyata ka ba ne."

"In an sare su, tafkin shina dawowa?"

"Ba duka ba. Zafin ba mu da iko da shi. Amma ruwan zai ƙara kwana, wataƙila albasa ta kai."

"Wataƙila."

"Wataƙila. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Ya gyaɗa kai. Da ta ce tabbas, da ya kore ta.

Na'iya ya gyara murya. "Malam Dikko, mun sha inuwarsu tare. Ba daɗi nika ji ba."

"Albasarka ba inuwa taka so ba."

Yahya ya ja igiyar inji, ƙara ta cika fadama. Dikko ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙas.

"Kashe abin ga."

Yahya ya kashe. "Baba, umurnin hakimi ne."

"Na ji hakimi. Kai ka san turare? Ka yanke shi yau, kafin damina kututture ya fidda 'ya'ya biyar, duk masu ƙishirwa. Sai an tone gindi, an datse saiwa, an sa wuta. Wanga ba ya cikin takardarki, amarya."

Hafiza ta yi murmushi, idonta ya kawo ruwa. "Ba ya ciki."

Ya nufi na farko, wanda ya dasa ranar sunanta. Ya shafa ɓawon, ya tofa yawu a hannu, ya kai sara. Gatarin ya shiga kaɗan. Ya zare shi da ƙyar, numfashinsa ya fito da ƙarfi.

"Kaka, arba'in ne fa," in ji Hafiza. "Shekararka saba'in da fuɗu. Bari Yahya ya kayar, kai ka nuna inda za a tona."

Dikko ya sake ɗaga gatarin, bai juyo ba.

"A'a. Ba wanda zai taɓa su sai ni."