Gwangwanin Maganin Inna

Likitar ta tambayi kalar kashin 'yarmu Auta, matata ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da sata. Ta riga ta wanke wandon tas, har da bilic. Tsabta ke nan: yarinya na zubar da jini, ita ta wanke shaida.

Ni kuwa fentin mota nake yi, kala ba ta ruɗa ni. Na ce, "Baƙi ƙirin, likita, mai sheƙi kamar kwalta. Ƙarni kuwa ba a magana."

"To daga tumbinta jinin yake fitowa, ba ƙasan hanji ba," in ji ta. Ta ja fatar idon Auta ƙasa, fari fat. Shekararta biyar, batirin mota ma ya fi ta nauyi.

"Wane magani kuka ba ta?"

"Ko ɗaya," muka ce tare.

Mahaifiyata, wadda ta biyo mu don ta koya wa likitoci aiki, ta yi tsit. Tunda aka haife ni ban taɓa jin shirunta ba.

"Inna?"

"Zazzaɓi fa take yi. Rabi-rabi nake ba ta, ni ba mahaukaciya ba ce."

Ta zaro gwangwanin alewa daga jaka. Ƙwayoyi ne tsirara, ba kwali ba takarda, da kala take gane su. Ta nuna wasu farare.

"Na gwiwata ne. Abin da ya kwantar da ciwon tsohuwa, na yarinya ai wasa ne."

"Tun yaushe?" in ji likitar.

"Sati biyu."

Likitar ta ce irinsu ne ke cinye bangon ciki. Aka yi wa Auta ƙarin jini, aka sa ta barci, aka zura mata siririn bututu mai kyamara ta baki. Suka tarar da gyambo bai fi kan ƙusa ba, yana tsattsafar da jini. Suka tsayar da shi.

Na dawo ɗakin da faɗan shekara arba'in cike da bakina. Na iske Inna a ƙasa gefen gadon, ta bar kujera. Faɗan ya maƙale, tausayinta ya kama ni.

Auta ta farka, ta miƙa mata hannu. "Kaka, ƙishirwa."

Kofin na nan kusa da ita. Inna ta cusa hannayenta cikin mayafi.

"Kira nas," ta ce da ni. "Tambaye ta ko an yarda in ba ta."