Ƙusoshin Takalmin Casimiro

A garinmu ko yaron goye ya san ƙarfe ba ya shiga ɗakin albarushi. Kayan auduga muke sawa, takalmin taya, turmi da cokali duk na katako. Ni Leocadia tun ina budurwa nake murza lagwanin kayan wasan wuta, zoben aurena ma a bakin ƙofa nake ajiye shi. Shi ya sa ranar da rumfar albarushin maigida Casimiro ta tashi da mata huɗu a ciki, har da Eustolia 'yar ƙanena, kowa ya san dalili. An ga maigidan da kansa ya shiga da sabon takalmin fata mai ƙusoshi a tafi, ya taka daɓen da garin albarushi ya zube. Shi wutar ta cillo shi waje, gira kawai ya rasa. Eustolia kuwa a bokiti muka tattara ta. Amma rabin gari a rumfunansa yake cin abinci, sai aka ce wai zafin rana ne.

Da bikin waliyyinmu ya matso, dattawan unguwa suka ba Fidencio, yayan Eustolia, bangon da ke kallon dandali ya yi masa zane. Ya zana bijiman gora da takarda da muke ƙonawa a bikin, da hasumiyar wuta, da samari suna tsalle cikin tartsatsi. A tsakiya ya sa Casimiro yana rawa, ƙafa ɗaya a sama, tafin takalminsa na kallon jama'a, ƙusoshi reras. Baƙi suka ce rawar ta yi kyau. Mu 'yan gari mun gane abin da ya zana, wasu suka sulale gida.

Da rana tsaka 'ya'yan Casimiro biyu suka zo, Macario a gaba. Ina gefe ina miƙa wa Fidencio abinci.

"Kai mai fenti, sauko mu gaisa mana," in ji Macario.

"Ina jinka daga nan."

"Goge ƙafar nan."

"Ba ta yi kama da ta babanka ba ne? Sai in ƙara mata ƙusa."

Suka fizge tsanin da Fidencio yake kai. Ya faɗo ta baya, kansa ya bugu da gwangwanin fenti. Ƙanen ya danne shi, Macario ya ɗora hannun Fidencio na dama a kan dakali, ya ɗauko bulo ya yi ta sauke masa. Na ji ƙarar yatsun kamar ana karya kara. Na kwaɗa wa Macario tukunyar abincin a ƙeya, ya waiwayo ya tokare ni a ƙirji na zube. Dandalin nan cike yake da maza masu gashin baki, ko tari babu wanda ya yi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

"Ba sai ka goge ba," in ji Macario yana share hannu. "Ranar biki bijiminmu zai goge maka."

Da safiyar bikin Fidencio ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, hannu a naɗe, guduma a na hagu, aljihu cike da manyan ƙusoshi.

"Goggo, ki zo ki riƙe mini."

"Da hagun za ka buga? Yatsuna ne suka rage ka ga bayansu?"

"In na kuskure ki rama."

Na hau akwati na riƙe, yana bugawa. Duk inda ya zana kan ƙusa, muka kafa ta gaske har ta nutse cikin siminti. Sau biyu ya same ni a babban yatsa, na zage shi tas, muka ci gaba.

Rana na faɗuwa aka fara shigo da bijimai, kowace unguwa da nata. Na gidan Casimiro ya kai tsayin bene, an cusa masa kibiyoyin wuta fiye da kima. Ba su kai shi tsakiyar fili yadda aka saba ba. Suka turo shi da gudu suka manna goshinsa da bangon, Macario ya kunna lagwani.

Kibiyoyin ba su sami hanyar tashi ba, sai suka riƙa dukan bango suna dawowa cikin mutane. Wata ta shige rigar wani dattijo ta fashe a hammatarsa. Gashin wata mata ya kama, aka danne ta cikin kwata. Ƙahon bijimin ya karye ya faɗo wa Macario yana ci da wuta, ya tashi da gudu yana ihu, fatar wuyansa na zazzagowa. Ban ji tausayinsa ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na ji ba.

Da hayaƙi ya lafa, bangon ya zama baƙi ƙirin. Babu bijimai, babu hasumiya, babu fuskar kowa. Sai ƙusoshin nan kaɗai, sun yi jajir don zafi, a jere, siffar tafin takalmi ƙato a tsakiyar baƙin. Duk garin yana tsaye yana kallo.

Casimiro ya kutso cikin jama'a, ya kai hannu ya cafki ƙusa ɗaya zai zare. Muka ji cuuu, ya saki yana yarfa hannu, ƙaurin nama ya tashi.

"A ba ni filaya," ya ce, yana juyawa yana duban ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya. "Ba ku ji ba ne? Wani ya kawo filaya."

Babu wanda ya motsa. Can wata tsohuwa da 'yarta ta mutu tare da Eustolia, wadda har gobe a rumfarsa take aiki, ta gyara mayafinta.

"Maigida, mu masu albarushi ne," ta ce. "Ba ma yawo da ƙarfe. Kai ma ai ka sani."