Koren Hatimin Malam Barau

Ƙarar ba ta kai ta ɓera ba. Wani ɗan ƙas-ƙas ne siriri, kamar ana zuba gero a kan busasshen ganye can nesa. Malam Barau ya farka ya kasa kunne. Ya ɗauka yayyafi ne a kan kwano, ya leƙa waje, ya ga taurari fal. Ya koma ya kwanta, ƙarar ba ta daina ba. Sai da gari ya waye ya sunkuya ya jawo akwatin katakon da ke ƙarƙashin gadonsa. Saman akwatin ya biyo hannunsa, gindin ya zauna a inda yake. Gara ce.

Ya durƙusa yana tona jar ƙasar da yatsu. Nan da can yakan ci karo da gefen kan sarki, ko rabin fiffiken jirgi da aka zana a kan takarda. Abin da ya yi shekara da shekaru yana tarawa ke nan.

Da ƙuruciyarsa ya yi masinja a gidan waya a Funtuwa. Wani tsohon akawu da zai bar aiki ya ba shi ƙunshin ambulan, ya ce waɗannan ba wasiƙu ba ne, babu komai a cikinsu. Duk ranar da jirgin sama zai fara bin wata sabuwar hanya da jakar wasiƙu, akwai mutanen da ke aika ambulan wofi don kawai ya hau jirgin nan na farko, a buga masa hatimin ranar, ya je ya dawo. Wannan magana ta shiga ran Barau ta zauna. Takarda ta keta gajimare ta ga Bahar Maliya daga sama, shi ko tsani ba ya son hawa. Ran da tashin hankali ya kore su daga ƙauyensu na wajen Sabuwa, ya bar turmi da tukwane, ya ɗauko akwatin nan a ka har Faskari.

Abu biyu suka tsira daga garar. Akwai littafin Turanci marar bango da ya saya a Zariya, wanda gara ta ci wa gefe kawai. Akwai kuma ambulan guda, wanda Allah ya sa ya manta shi a aljihun rigar da ya rataye a ƙusa.

Littafin na masu tara irin waɗannan ambulan ne. Kowane tashin jirgi yana da layinsa: lamba, rana, inda ya tashi, inda ya sauka, sai launin hatimin da aka buga. Turancin Malam Barau a aji huɗu ya tsaya, amma ya iya bin layi da ɗan yatsa. A layin jirgin da ya fara ɗaukar wasiƙu daga Kano zuwa gabas tun zamanin Turawa, littafin ya ce hatimin baƙi ne ko shunayya. Na aljihunsa kuwa kore ne, irin koren dawa sabon tsiro.

Maƙwabcinsa Malam Daniel, tsohon malamin firamare, ya karanta layin da tabarau a kan hanci, ya duba gaba ya duba baya, ya ce lallai babu kore a littafin. Ya ɗauki hoton ambulan da wayarsa ya aika wa wani mutum a Kaduna da ya san harkar. Mutumin ya ce hoto yakan yi ƙaryar launi, sai ya gani da idonsa. In ya tabbata, zai rubuta wa masu littafin su ƙara layi. Aka yi alkawari sai damina ta ɗauke, hanya ta yi dama.

Layin nan shi Malam Barau yake so. Layi ɗaya a cikin littafi, a ce an ga kore, a Faskari aka gan shi.

Tun daga safiyar garar bai sake zama wuri ɗaya ba. Ya sa ambulan a gwangwani, ya ga tsatsa a murfin, ya fitar. Ya sa a cikin hula, gumi ya tsorata shi. Ya rataye shi da zare daga azara, sai ya tuna inda kwano ke yoyo. Yana cikin cin tuwo zai ajiye loma ya shiga ɗaki ya kara kunne a bango.

"Malam, ka zauna ka ci abinci," in ji matarsa Larai. "Garar nan ba ta da ƙafar hawa zare."

"Ke mi kika sani? Ta hau gado, zare zai gagare ta?"

"To ka haɗiye shi mana, kowa ya huta."

Da la'asar ya fito ƙofar gida, hannu dafe da aljihu. Malam Rabo mai facin taya, abokin wasansa tun suna samari, yana zaune a kan benci yana goge hannu da tsumma.

"Direban jirgi, an sauka lafiya?"

"Bar ni, Rabo. Gara ta cinye ni."

"Na ji labari. Wai kai har yau ba ka waye ba? Wa ke ajiye takarda tsirara a zamanin nan?" Ya zaro takardar filinsa daga ƙarƙashin benci, tana ƙyalli cikin leda mai tauri, ya ƙwanƙwasa ta a gwiwa. "Ka gani? Laminetin. Wannan ta faɗa kwata, an wanke ta da omo. Takardar haihuwar jikokina duk haka na yi masu. Gara ta zo ta ciza, haƙorinta ya karye."

Malam Barau ya karɓa ya juya ta. Ya gwada da farce, ya gwada da haƙori. Ko alama.

Ya so ya ji ta bakin Malam Daniel, amma Daniel ya tafi Ƙanƙara duba ƙanwarsa da ba ta da lafiya. Ya kira, wayar ba ta shiga. Ya sake kira. Hadari kuwa ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa kwanon ɗakinsa. Ya shiga gida, ya fito, ya sake shiga. Daga nan ya saka takalmi ya nufi bakin kasuwa.

Bilya mai shagon buga takardu ya karɓi ambulan da yatsu biyu.

"Baba, wannan ai ya girme ni. Mi ke ciki?"

"Babu komai."

"Babu komai kuma za a yi mashi leda?"

"Ya je inda ubanka bai je ba. Yi aikinka."

Bilya ya yi dariya, ya ja janareto, ya jira injin ya yi zafi. Ya shimfiɗa ambulan tsakanin leda biyu ya tura. Malam Barau ya tsaya a ɗaya gefen, ya tara hannu biyu kamar mai jiran a miƙo masa jariri. Kan sarki ya fara fitowa, sumul, yana sheƙi. Sunan wani Bature da aka rubuta a kai ya biyo baya. Sai hatimin.

Ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Ya karkata shi dama, ya karkata hagu. Zanen jirgin yana nan, ranar tana nan, amma tawadar ta ƙone ta koma baƙi-baƙi, kamar miyar kuka da ta kwana a tukunya.

"Zafi ne, Baba," in ji Bilya. "Bari ya huce."

Ya huce. Malam Barau ya zauna a kan benci yana fifita shi da hula har aka kira magariba, launin bai sake ba.

"Cire ledar."

"Ba ta ciruwa. In na ja, da fuskar takardar za ta taho."

Washegari Malam Daniel ya dawo. Bai ko ajiye jaka ba Malam Barau ya tare shi a ƙofar gida ya miƙa masa. Daniel ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Wa ya ce ka yi haka?"

Malam Rabo, da ya matso don ya ga aikin shawararsa, ya sosa ƙeya.

"Akwai hoton," in ji Malam Barau da sauri. "Ticha, buɗe hoton."

Daniel ya lalubo shi a waya. Da yamma aka ɗauka, a zaure, babu isasshen haske. Suka haɗa kai su uku a kan ɗan gilashin. In an karkata wayar sai a ga kamar kore, in an miƙe ta sai a ga toka-toka. Larai ta leƙo daga bayan ƙyaure ta koma.

Malam Barau ya buɗe littafin a kan gwiwarsa, ya aza ambulan a ƙarƙashin layin. Baƙi ko shunayya. Yanzu nasa ya yi daidai da abin da aka rubuta, babu abin da za a ƙara. Ya tashi tsaye, ya zauna, ya sake ɗaga ledar sama yana neman rana, ko wani lungu na hatimin ya tsira.

Malam Rabo ya karɓa a hankali, ya kai kusa da ido, ya nisanta. Wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Malam Barau, tsakaninka da Allah, ka tabbata da can kore ne?"