Allin Tela a Cikin Injin

"Sake juya shi," in ji Makanike.

Auta, 'yarsa, ta kama doguwar sufana ta ja. Kiranshaf, ƙarfen da ke juyawa a cikin injin mota, ya taho sumul, ya yi rabin zagaye, sai ƙwas, ya tsaya cik. Karo na tara ke nan tun safe.

Ni tela ne, katanga ɗaya ta raba shagona da garejinsa shekara ashirin da biyu. Abin da na sani game da mota bai wuce buɗe ƙofa ba. Auta ce ta shigo mini ba ko sallama, ta ce, "Kawu, ka zo ka yi masa magana. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi ya ƙi, ya ce ba asibitin da zai je sai injin nan ya juya."

Na same shi a kan tsohuwar kujerar mota, leɓɓansa sun yi fari. Na matsa kusa da shi.

"Haba Maigida, ƙarfe ne fa. Zai jira ka."

"Ni ne ba zan jira shi ba, Tela."

Motar ɗaukar kaya ce, da ita Auta ke ciyar da 'ya'yanta uku tun rasuwar mijinta, amma in an yi mata lodi ba ta hawa tudu. Shi ne ya samo kiranshaf na wani injin da ya fi nata girma, don fistin ya riƙa yin doguwar tafiya, ƙarfi ya ƙaru. Kiranshaf ɗin ya zauna daram a mazauninsa. Sai dai in ya juya, hannun fistin yana dukan bangon bulok, wato gangar jikin injin.

"Ci za a yi wa bangon kaɗan," ya ce, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Bayansa hanyar ruwa ce. In na kwanta a asibiti, wani mai gaggawa zai huda shi, yarinyar nan ta rasa abin yi. Ni kuma ga hannuna."

Ya ɗaga su. Rawa suke yi kamar na mai zazzaɓi.

"Baba, don Allah don Annabi," in ji Auta, ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa. "Bar motar ta lalace mana. Kai nake so."

Bai ko dube ta ba. Kunnena yake kallo, inda nake maƙala allin zanen yadi.

"Kawo allin nan. Kai ne mai hannu a layin nan. Ka taɓa ɓata wa wani yadi?"

"Sau ɗaya. Naka."

Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta. Wallahi na ji haushinsa a lokacin, haushi mai tsanani, mutum yana mutuwa yana gardama. Amma na san shi. Ko mu huɗu muka ɗauke shi, sai ya diro a hanya. Hanya mafi kusa zuwa asibiti ta cikin injin nan ta bi.

Ya sa na goga alli a kafaɗar hannun fistin. Auta ta juya, ƙwas, sai ga farin tabo a jikin bango bai kai farce ba. Ya ce in toshe ko'ina da tsumma, ya miƙo mini magagari.

"Inda ya yi fari kawai. Ja goma, ka tsaya."

Na ja goma. Muka goga alli, muka juya. Ƙwas. Na ƙara goma. Zufa tana shiga mini ido, yatsuna sun yi jini, a bayana kuma numfashinsa sai ƙara gajarta yake yi. Na fara danna magagarin da ƙarfi.

"Tela!" Muryar ta fito kamar ta dā. "Ina jin ka. Sassauta."

Na sassauta, ina kuka ina gogawa, ban ɓoye ba.

Rana ta take tsaka lokacin da Auta ta ja sufana, sufanar ta wuce inda take tsayawa, ta sauka ƙasa, ta dawo sama. Ba ƙwas. Ta sake zagayawa. Na leƙa, bango ba alli.

"Ku matso da ni," ya ce. Muka ja kujerar kusa. Ya ɗora tafinsa a kan bulok, ya rufe ido. "Juya." Ta juya sau uku a hankali.

"Ya yi. Ki wanke garin ƙarfen tas kafin a rufe." Ya numfasa. "To, ɗauko takalmina mu tafi."

Ta ruga cikin gida. Ni kuma na fita bakin titi, na tare mota ta farko da hannu biyu.

Da na dawo, Auta tana durƙushe a gabansa, ta sa masa takalmi ɗaya, ɗayan yana hannunta. Ba ta ɗago ba. Tafinsa yana kan bulok inda ya ajiye shi, kuma ya daina rawa, ƙirjinsa ma ya daina motsi. A waje direba yana ta danna ham.